Shirin Kare Birnin Legas Daga Ambaliyar Teku

Jama'ar jiharmu da dama suna neman abinci a Legas, musamman a kasuwannin Mile 12 da Agege, kuma kaya masu yawa da ake shigowa da su daga ƙasashen waje ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suke biyowa kafin su iso gare mu. Don haka muka ga ya dace mu yi wa al'umma bayani game da barazanar da teku ke yi wa wannan birni.

Binciken masana ya nuna cewa daga 1901 zuwa 2018 ruwan tekun duniya ya hau da kimanin santimita 20, wato kusan taƙi ɗaya. Dalili kuwa shi ne ɗumamar yanayi tana narkar da ƙanƙarar da ke kan duwatsu da ƙuryoyin duniya, sannan ruwa yakan kumbura idan ya yi ɗumi. Taƙi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga unguwanni irin su Victoria Island da Lekki, waɗanda ƙasarsu ba ta ɗara ruwa da yawa ba.

A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka sun jera shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Shingayen suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai gaɓar Bar Beach ta yi ta zaizayewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. A 2008 aka fara aikin Eko Atlantic, inda aka cike gaɓar da yashi, aka kuma tsara katanga mai tsawon kilomita 8.5.

Sai dai katanga ruwan teku kaɗai take tarewa. Ranar 10 ga Yuli, 2011, ruwan sama mai ƙarfi ya mamaye birnin, aka yi asarar rayuka da dukiya. Idan teku ta cika, magudanan ruwa ba su samun inda za su zubar, balle idan shara ta toshe su. Wannan ya sa gwamnatin Legas take yashe magudanai, tana rushe gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, kuma a Janairun 2024 ta haramta robobin zuba abinci masu kama da soso.

Muna kira ga 'yan'uwanmu mazauna Legas da su guji kama ɗaki ko kafa rumfa a bakin magudana, su kuma tashi da zarar hukuma ta yi gargaɗi. Haka nan muna tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai cewa ko da yake ba mu da teku, toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa matsala ce tamu. A riƙa bibiyar hasashen da hukumomin NiMet da NIHSA ke fitarwa kowace shekara, a kuma yashe magudanai tun kafin faɗuwar damina.