Yaƙi a Kan Tebur da Yaƙi a Fagen Fama

Akwai wata sha'awa da ta daɗe a ƙasashen Turai, watau ta sake tsara yaƙe-yaƙen tarihi a kan tebur. Masu wannan sha'awa sukan tanadi 'yan mutum-mutumin soja na dalma ko na roba, waɗanda tsawonsu bai kai na ɗan yatsa ba, su shafa musu fenti daidai da kayan rundunarsu, sa'an nan su jera su bisa tebur da aka yi wa tuddai da dazuzzuka da ƙoramu. Da yawansu kuma sukan yi tattaki zuwa ainihin wurin da aka gwabza. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne, amma kuwa asalinsa daga barikin soja yake.

A cikin shekarar 1824 ne wani ƙaramin hafsa na ƙasar Prusiya, wadda yanzu tarihinta ya shige cikin na Jamus, mai suna von Reisswitz, ya gabatar wa shugabannin soja wani wasa da ya gyara daga na mahaifinsa. Ana yinsa bisa taswira, da 'yan guntaye masu launin ja da shuɗi a madadin runduna biyu. Akwai alƙalin wasa, wanda shi kaɗai ya san inda kowa yake, akan kuma jefa ƙwaya irin ta wasan lido domin a ba ƙaddara rabonta. Shugabannin suka ga fa'idarsa, aka baza shi cikin rundunoninsu. Bayan da Prusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sojojin waɗansu ƙasashe suka kwaikwaya. Daga baya abin ya fita hannun soja ya shiga gidaje, musamman bayan da marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga ƙa'idodin wasan a littafinsa *Little Wars* a 1913.

To, amma tebur yana da iyakarsa, kuma babu inda wannan ya fi bayyana kamar a yaƙin Waterloo, wanda aka yi a kudu da birnin Brussels, a ƙasar Beljiyam ta yau, ran 18 ga Yuni, 1815. Mai wasa yana tsaye ne bisa kan rundunarsa kamar shaho, yana ganin kome da kome. Napoleon bai sami wannan gata ba. Abokin gabansa, Wellington, ya ɓoye yawancin dakarunsa a bayan wani ɗan tudu mai tsawo, inda ido ba ya kaiwa, harsashin igwa kuma yakan wuce ta bisa. Har ila yau an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi taɓo, jan igwa ya yi wuya, ba a soma faɗa ba sai wajen hantsi ya dubi ludayi. Kafin rana ta faɗi, mayaƙan Prusiya a ƙarƙashin Blücher sun iso daga gabas. Wanda ya taka wannan fili da ƙafarsa bayan ruwan sama, ya ji yadda laka ke riƙe takalmi, ya fahimci abin da taswira ba ta iya faɗa masa.

Duk da haka, shi ma filin ba a bar shi yadda yake ba. Tsakanin 1823 da 1826 aka tara wani tsauni na ƙasa mai tsawon kimanin mita 40, aka ɗora gunkin zaki a kansa, da matakala 226. Ƙasar da aka yi aikin da ita kuwa daga tudun nan na Wellington aka kwashe ta. Saboda haka baƙon da bai san wannan ba zai ga gangaren ya fi sauƙi bisa ga yadda barade suka same shi.

Labarin William Siborne ya ƙara fito da wata matsala. Wannan hafsa na sojan Ingila an ɗora masa aikin gina siffar fagen Waterloo a 1830. Ya yi wata takwas yana awon filin, ya kuma rubuta wa hafsoshin da suka tsira, ya sami amsoshi wajen 700. Da aka baje aikin a Landan a 1838, yana ɗauke da 'yan mutum-mutumi kimanin 70,000, ya nuna yadda fagen yake da misalin ƙarfe bakwai na yamma, da mayaƙan Prusiya jingim a cikinsa. Wannan bai yi wa Wellington daɗi ba, domin yana ganin an ba su matsayin da ba su kai ba a wannan sa'a. Siborne, wanda bashi ya riga ya yi wa katutu saboda gwamnati ta daina biyan kuɗin aikin, daga baya ya cire da yawa daga cikinsu. Siffar tana nan a gidan tarihin soja na Landan, masana kuma ba su daina gardama a kan wanda ya fi gaskiya ba.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya jera soja a kan tebur ya riga ya yanke hukunci game da wanda yake ina, da kuma yaushe. Don haka mai hankali daga cikin masu wannan sha'awa yakan haɗa uku: ya karanta shaidar waɗanda aka yi a gabansu, ya taka filin, sa'an nan ya gwada a tebur ko abin da aka ce zai yiwu cikin lokacin da aka ce. Haka kuma ba ya mantawa da cewa sojan dalma in ya faɗi ana mayar da shi cikin akwati ne, alhali a Waterloo mutum fiye da 40,000 aka kashe ko aka raunata cikin wuni guda, a fili wanda mai tafiya a ƙasa zai ratsa cikin sa'a ɗaya.