Ba ƙarancin matsi ne ke hana ɗaki ɗumi ba

Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa masu gidajen haya a birnin New York su ɗumama ɗakunan 'yan haya. Tsofaffin gine-ginen birnin, har da na Bronx da Harlem inda 'yan uwanmu da dama suke zaune, akasari da tururi ake ɗumama su. Tukunya a ƙarƙashin gini tana tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya hau zuwa lagireton ƙarfe da ke kowane ɗaki. Idan na hawa na biyar ya ƙi ɗaukar zafi, maganar da aka saba ji ita ce: "Tukunyar ba ta da ƙarfi, a ƙara mata matsi."

Mai wannan magana yana da hujjarsa. Ya ga ruwan famfo ba ya hawa bene sai da matsi, don haka ya auna tururi da ma'aunin ruwa. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Na farko, abin da ke tare tururi iska ce. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700. Da wuta ta mutu, tururin ya koma ruwa, sai ya bar gurbi mai zuƙa irin na ƙahon wanzami, iskar ɗaki ta kutsa ta cike shi. Ke nan duk lokacin da tukunya ta sake tashi, bututun cike yake da iska. Wanda ya taɓa kifa gora a ruwa ya san ruwan ba ya shiga sai iskar ciki ta sami hanya. Wannan ne aikin 'yar mafitar iska da ke gefen lagireto, da manyan da ke ƙarshen bututun ƙasa. Suna barin iska ta fice, da zafin tururi ya taɓa su sai su rufe. Idan tsatsa ko fenti ya toshe su, lagireto zai kwana da sanyi ko da tukunya na ruri.

Na biyu, matsi ba ya korar iskar da ba ta da mafita, danne ta kawai yake yi. An tsara bututun waɗannan gidaje ne su yi aiki da matsin da bai wuce fam 2 a kowane murabba'in inci ba. Benen Empire State, mai hawa 102, wanda aka buɗe a 1931, da fam 'yan kaɗan ake ɗumama shi. Idan suka ishi wannan, gida mai hawa shida bai buƙaci fiye ba.

Na uku, ƙarin matsi yana da ɓarna. Yakan danne mafitar iska ta kasa sake buɗewa, ya kuma lalata ta da wuri. Kowane fam ɗaya yana iya tura ruwa sama kusan santimita 70 a bututun da ke mayar da shi tukunya. Idan ruwan ya kai inda tururi ke gudu, sai a ji bugun nan mai kama da guduma cikin dare. Ga asarar gas ko mai, ga na ƙasa suna buɗe taga don zafi alhali na sama suna rawar ɗari.

Wani zai ce ai magabata sun yi amfani da mafita mai hana iska komawa. Gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau a zamanin kwal. Wutar kwal a hankali take lafawa, kuma inda babu iska ruwa yakan tafasa ƙasa da digiri 100, don haka garwashi ya ci gaba da ba da tururi har tsakar dare. Wutar gas da mai kuwa kunnawa take tana mutuwa, sau da yawa kafin iska ta gama fita. Ragowar sai ta bazu cikin gurbin ta tare hanya, shi ya sa irin wannan mafita ba ta dace da gida mai bututu ɗaya (wanda tururi ke hawa, ruwa kuma ke saukowa ta cikinsa) a yau ba. Amma a lura da abin da tarihin ya nuna: gwanayen da suka shimfiɗa bututun nan rage matsi suke nema, har ƙasa da na iskar waje.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ɗakinka ya yi sanyi, tabbatar bawul ɗin lagireto a buɗe yake gaba ɗaya, domin a tsarin bututu ɗaya rabin buɗewa yana riƙe ruwa. Kada ka kwance mafita da kanka tururi na gudu, yana ƙuna. Roƙi mai kula da gini ya kira ma'aikaci ya duba mafitun iska, na ɗaki da na ƙasa, ya kuma sauke matsi. Tururi ya san hanyar hawa na biyar, buɗe masa ita kawai ake buƙata.