Ɗakin Haya A Arewacin Zamfara: Ina Arhar Take?

'Yan'uwana mata, wannan mako maganar muhalli za mu yi, a ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda damina gajera ce, rani kuwa dogo. Mutanen manyan birane su kan ce zaman can akwai arha. To, bari mu duba mu gani.

Ƙasar nan ba ta rasa arziki ba tun asali. A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura daga Zariya ta kan Gusau, nan ta tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu nan aka riƙa tarawa ana lodi. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa ta yi suna wajen dabbobi har cikin ƙasar Nijar. A zamanin nan talaka ba ya sayen gida, ginawa ya ke yi. Ga ƙasa a bayan gari, shi da 'ya'yansa su yi tubali da rani, maƙwabta su zo gayya, a sa azara ko a ɗora jinka. Uwargida ta tara mata su yi daɓe da makuba. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne.

Yanzu fa jirgin gyaɗa ya daɗe da daina zuwa. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, mutane da yawa suka kwashe iyali suka shigo gari. Gidan ƙauye yana can a tsaye, ba mai neman ko kwabo a kansa, amma ba ya kwanuwa. A gari kuwa ɗaki ɗaya masu nema barkatai. A Ƙaura ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, su ma haya su ke nema. Ina dalili mai gida ba zai ƙara kuɗi ba? Shi ma in an tambaye shi sai ya kawo maganar siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a farkon 2024, da kuɗin mota da ya tashi bayan janye tallafin man fetur a 2023.

Amma ni a ganina kuɗin haya ba shi ne babban abin da ke cinye aljihu ba. A ƙauye mace tana da rumbu, da kaji, da 'yan awaki, da rijiya kusa. A ɗakin haya hatsi sai an auno da tiya, ruwa sai 'yan garuwa sun kawo, itace kuma sai saye, tun da shiga daji ya zama kasada. Waɗannan kullum ne, ba sau ɗaya a shekara ba. Masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya na ɗan lokaci. Ciniki ya tsaya, haya ba ta tsaya ba.

Saboda haka in maigida ya ce ya sami ɗaki mai arha, ki tambaye shi a hankali: akwai rijiya ko famfo? Gida nawa ke haɗa ban ɗaki? Ina za ki hura wuta, ina za ki ɗaure akuya? Ku 'yan makaranta, ga aikinku: ku sami ɗan littafi ku rubuta wa iyayenku abin da ruwa da itace ke ci cikin wata guda, a haɗa da haya.

Wadda Allah ya hore wa fili, kada ta raina ginin ƙasa. Da bazara ya fi bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, in dai an yi yaɓe kafin damina, an gyara indararo. In kuwa da kuɗin gadonki ko na adashinki aka sayi filin, a rubuta takarda da sunanki gaban mai unguwa da shaidu, ki adana ta cikin akwatinki.