Bakin Ruwan Challawa: Wa Za a Gina Wa?

Yau za mu yi yamma da birnin Kano, zuwa ƙasar Karaye da Rogo, inda Allah ya tara ruwa mai yawa amma har yanzu baki bai zo ɗaya ba kan abin da ya kamata a yi da gaɓarsa.

Duk wanda ya taso daga Gwangwan ko Zarewa ko Rogo ya nufi Karaye ya san manyan ruwaye biyu na wannan yanki. Akwai dam ɗin Kusalla, wanda ake tace ruwansa domin sha, kuma sunansa ya daɗe a jerin wuraren yawon buɗe ido na Jihar Kano. Sai babbar, wato madatsar Challawa, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, kimanin kilomita 90 daga birni. Bangonta ya yi mita 42 a tsaye, tsawonsa ya kusa kilomita 8, idan ta cika kuwa tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Mutumin da ya tsaya a gefe guda da ƙyar yake hango ɗaya gefen.

Ka je da sassafe ka ga abin da ke wurin. Kwalekwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, masunci ya dira cikin ruwa iya gwiwa ya jawo nasa, ya juye karfasa da tarwaɗa da ƙurungu a kan buhu, dillalai su zagaye shi ana ciniki. Can gefe wani na zaune yana ɗinke kalli da ya yage, wani yana ɗaura wa mamari abinci. Hayaƙin banda na tashi, masu suya sun ɗora kasko. Idan rani ne, ƙarar injin ban-ruwa ba ta yankewa, an ja tiyo daga bakin ruwa zuwa fadamun tumatir da albasa da attaruhu. Kusan duk abin da idonka zai gani, mutanen wurin ne suka yi wa kansu. Baƙon da ya zo domin shaƙatawa kuwa, sai dai ya nemi gindin bishiya.

A nan gardamar take. Matasa da yawa, musamman waɗanda suka yi karatu suka ga duniya, cewa suke yi asara ce a bar irin wannan wuri haka. Sun ga yadda aka mayar da bakin tafkin Jabi a Abuja wurin ciniki da hutawa, sun ga jama'a na biyan kuɗi domin a zaga da su a jirgin ruwa. Suna so gwamnati ta kira masu zuba jari a gina masauki, a kawo jiragen shaƙatawa, a gyara hanya, a sama wa samari aikin yi. Maganarsu tana da ƙarfi. Duk wanda ya ga yadda samarin Rogo da Karaye ke watsewa ci-rani da zarar an gama girbi ba zai raina ta ba.

Masunta da manoman rani kuwa abu ɗaya suke tsoro, shi ne katanga. Sun san duk wanda ya zuba kuɗinsa a wuri, abu na farko da zai yi shi ne ya kewaye shi ya sa mai gadi. Kuma wuri mafi kyau ga otal, inda gaɓa ta kwanta mota za ta iya zuwa, shi ne dai wurin da kwalekwale ke tsayawa, shi ne mashayar shanun Fulani, shi ne inda ake dasa injin ban-ruwa. Kada a manta, ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da kufan gidaje. Iyayen wasu daga cikin masuntan nan manoma ne da ruwa ya tasa, suka koyi su domin dole. Mutumin da aka tayar sau ɗaya, idan ya ji ana maganar gyara, ba laifi ba ne ya tambaya ko za a sake tayar da shi.

Akwai kuma malamai da iyaye da ke fargabar kada wurin ya zama matattarar shaye-shaye da baɗala. Wannan damuwa ce ta gaske, sai dai ita ce mafi sauƙin magani. Wurin da ke da haske da masu tsaro da ƙa'ida, wurin da magidanci zai zo da iyalinsa, ya fi kangon da babu mai leƙawa tsabta.

Kafin mu ce wa ya fi gaskiya, bari mu waiwaya, domin Kano ta taɓa yin wannan gwaji. Marigayi Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, kuma a wancan zamani aka yi tunanin cewa ruwa ba na noma kaɗai ba ne. Aka samu otal ɗin Bagauda a bakin tafki, aka samu Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Dattawa da suka ga Bagauda a lokacin da take tashe har yau suna ba da labarin ɗakunanta da tarukan da ake yi a can. A shekarar 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Otal ɗin ya yi ta ja da baya, daga ƙarshe aka mayar da shi reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya. Rock Castle kuwa ya shafe shekaru masu yawa ana ambatonsa a matsayin misalin dukiyar da aka yi watsi da ita.

Me ya kashe su? Ba rashin kyan wuri ba ne. An gina su ne domin baƙi daga nesa, manyan ma'aikata da Turawa da masu taro, kuma kuɗin kula da su daga aljihun gwamnati yake fitowa. Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatoci suka sauya, baƙin suka daina zuwa, babu wani a ƙauyukan kewaye da tuwonsa ya dogara da su har zai tashi ya kare su. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya kamata duk mai maganar Challawa ya fara tunawa.

Ku dubi Argungu a Jihar Kebbi. Bikin kamun kifi a Matan Fada ya samo asali tun 1934, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2016. Ya tsaya cak na kusan shekara goma, amma da aka dawo da shi a 2020 dubban masunta suka fito da gorunansu da homarsu kamar jiya aka bari. Dalili kuwa bikin na Kabawa ne, da Sarkin Ruwa da Makwashe da dokar hana su a wurin har ranar biki. Abin kallon da ke jawo baƙi sana'ar mutanen ce da kanta. Challawa ma tana da masunta, tana da sarakunan ruwa, tana da kifi.

Sai batun da ba a cika so a taɓa ba: wa ke da ikon bayar da wurin? Madatsar Challawa tana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Yawon buɗe ido da filaye suna hannun jiha. Kasuwa da ƙananan hanyoyi na ƙaramar hukuma ne. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, ita ce ta san wane ne mai wace gona. Idan waɗannan huɗu ba su zauna tare ba, duk takardar da ɗaya ya sa wa hannu ɗaya zai iya yaga ta. Mun ga abin da ya faru da filin tsohon otal ɗin Daula a birni, wanda wata gwamnati ta bayar, wata ta zo ta rushe a watan Yunin 2023, magana ta koma kotu. Mai kuɗi ya ga wannan, talaka ma ya gani. Kuma ruwan nan ba namu kaɗai ba ne. Yadda ake sakin sa daga Tiga da Challawa ya sauya yanayin kogi har can Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Mai otal zai so ruwa ya zauna a cike shekara duka domin baƙinsa, manomin Haɗeja yana so a sake shi a kan kari. Dole a san wanda za a fifita tun kafin a haƙa harsashi.

Akwai kuma rai. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutane da dama suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙima. Duk shekara kuma idan Sallah ta zo, samari kan yi tururuwa zuwa bakin dam, wanda bai iya ruwa ba ya bi wanda ya iya, sai labari mara daɗi ya dawo gida. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke hayayyafa, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini a yaro kamar alamar girma ce. Wurin da ba a tsare ran ɗan gida ba, da wane ido za a gayyato baƙo?

Saboda haka ni ina tare da masu cewa a gyara, amma ba daga otal za a fara ba. A fara da hanyar da mota za ta bi damina da rani, wadda mai tumatir da mai rake za su mora kafin mai yawon buɗe ido. A yi matsaya ta siminti inda kwalekwale zai tsaya, a rubuta yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, a ajiye rigunan ruwa, a ɗauki masunta aikin ceto tunda babu wanda ya fi su sanin inda zurfi yake. A yi rumfunan kasuwar kifi da wurin sanyaya shi da hasken rana, a yi makewayi da masallaci, a dasa itatuwa, waɗanda za su ba da inuwa kuma su rage yashin da ke cike madatsar. A ware rana guda a shekara ta gasar su da tseren kwalekwale a ƙarƙashin masarauta. Idan jama'a suka fara zuwa, mai jari zai zo da ƙafarsa, a lokacin kuma al'umma ce za ta faɗi sharaɗi: iyakar filinsa a auna a gaban dagatai da sarakunan ruwa, mashaya da matsayar jirgi su zauna a wajen katanga, a bayyana shekarun hayar da kason ƙaramar hukuma, a karanta yarjejeniyar da Hausa a gidan rediyo kowa ya ji.

Mutanen Gwangwan da Rogo da Karaye suna da kansiloli da 'yan majalisa a Kano da Abuja, kuma kasafin kuɗi duk shekara ake yin sa. Hanya da matsayar jirgi da rigunan ruwa abubuwa ne da za su iya shiga kasafin baɗi idan an tashi an nema tun yanzu.