Bayan An Karya Asiri, Sai Me?



Duk mai kallon finafinan Kannywood ya san yadda labarin sammu yake ƙarewa. Malam ya yi addu'a, a tono layar da aka binne, asirin boka ya tonu, wanda aka juya wa tunani ya dawo hayyacinsa, sai a rufe fim. Yau za mu leƙa wani fim na Amurka da ya fi damuwa da abin da ke biyo baya. Sunansa Upstream Color, na Shane Carruth, an fara haska shi a bikin finafinai na Sundance a 2013.

Babu boka a ciki. Wani ɓarawo ne yake tsinto tsutsa daga saiwar wasu furanni, ya ɗura wa wata mata mai suna Kris, wadda Amy Seimetz ta fito a matsayinta. Nan take ta zama sai yadda ya yi da ita. Ya sa ta kwafar littafin Walden na Henry David Thoreau don ya shagaltar da ita, ita kuma da hannunta ta miƙa masa dukiyarta. Kun san irin labarin da ake bayarwa na 'yan damfara a tasha da kasuwa, to kusan haka ne.

Daga nan fim ɗin ya shiga duhu. Wani mai naɗar sauti, wanda kuma yake kiwon aladu, ya zare tsutsar daga jikinta ya dasa wa alade. Abin da dabbar ta ji, Kris ma sai ta ji, ba ta san dalili ba. Ta farka ba kuɗi, ba aiki. A jirgin ƙasa ta haɗu da Jeff, wanda shi ma an taɓa yi masa haka. Suka shaƙu har suna musu kan labarin ƙuruciya, kowa na cewa nasa ne.

Nan ne, a ganina, ƙarfin fim ɗin yake. Wanda ya karye, a kai shi wurin masu ɗorin Aliero, a ɗaure ƙashi, dangi su yi ta zuwa dubiya. Wanda aka sace wa hankali fa, wa zai yarda da shi? Takardun banki duk suna ɗauke da sa hannun Kris. Ko ita kanta ba ta iya faɗin abin da ya same ta.

Ƙarshen ma Carruth bai warware shi ba. Kris ta harbe mai aladun, ta tara sauran waɗanda abin ya shafa suka karɓi gonar, ɓarawon ya rasa inda zai sami tsutsa. Sai dai ba mai aladun ne ya kwashe mata dukiya ba. Ɓarawon yana nan yana yawonsa, babu wanda ya kama shi, kuma Kris ba ta ma san fuskarsa ba.