TAKALMIN DA KE TALLAFAR ƘAFAR MAI SHANYEWAR ƁARIN JIKI

Kowa ya taɓa ganin tafiyar mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. In ya ɗaga ƙafa sai tafin ya saki, yatsu su riƙa jan ƙasa, har sai ya kewayo da ƙafar ta gefe kāna ya dire ta. Ko gefen tabarma ya isa ya kā da shi.

To, ciwon nan ba a ƙafa yake ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. In ɓarnar ta auku a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa. Naman da ke ɗaga tafin ƙafa yana nan, saƙo ne ba ya isa gare shi sosai.

Domin haka likitoci suka yi dabarar wani abin tallafi na roba mai ƙarfi. Yana tasowa daga ƙasan gwiwa, ya bi bayan ƙwauri, ya lanƙwasa a dunduniya, ya shige ƙarƙashin tafin ƙafa. Aikinsa ya riƙe idon sawu kada ya saki ko ya gurɗe. Da haka yatsu ke tsallake ƙasa, dunduniya ta fara sauka, mutum ya tsaya da ƙarfin zuciya. Akan auna ƙafar mai shi, wani lokaci da filasta, a yi masa nasa daidai. Ana yin irinsa a asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Ikko, da Enugu. Aron na wani kuwa ganganci ne.

Amma fa ba magani ba ne. Amfaninsa shi ne ya sa majinyaci ya daina tsoron faɗuwa, ya tashi ya yi ta gwada tafiya yadda ma'aikatan gashi suka koya masa, domin yawan gwadawar nan ne ke sa ƙwaƙwalwa ta sāke koyon aikin. Wanda aka bari kwance don tausayi, gaɓoɓinsa sandarewa suke yi.

Ku malaman gobe, lalle za a tambaye ku a ƙauye. Ku ce a sa safa tukuna, sa'an nan a sa shi cikin takalmi sau-ciki, ban da silifas. Kullum in an cire a duba fata, musamman ga mai ciwon sukari, gama ƙafar da ba ta ji sosai takan yi gyambo mai ita bai sani ba. In da sanda, a hannu mai lafiya ake riƙe ta.