Inji mai baki shida: abin da matsakaici ke ɓoyewa

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita SIWES, akwai wani tarko a aikin duba ingancin kaya da nake so mu gane tun kafin a miƙa mana sikeli da takarda. Ni ɗan Danja ne, ƙasar rake da tumatir da masara, don haka da buhun taki zan yi misali, tunda shi ne manominmu ya fi sa wa ido.

Mu ƙaddara wata masana'anta tana da injin dura taki mai baki shida, kowane buhu kilo 50. Baki biyar suna zuba kilo 50.2, na shida ya toshe kaɗan yana zuba 49. Haɗa su duka: 251 da 49, kilo 300. Raba shida, 50 cif. A takarda komai lafiya lau. Amma a tirela mai buhu 600, buhu 100 kowanne ya rasa kilo guda. Dillalin da ya sayi tirelar bai yi asara ba. Ƙaramin manomin da ya sayi buhu biyu kacal, shi ne zai iya kwasar raguwar.

To ina mafita? A 1924 Walter Shewhart na kamfanin Bell a Amurka ya fito da jadawalin sa ido. Ana ɗibar samfur lokaci-lokaci, a auna, a ɗiga sakamakon tsakanin layi biyu, na sama da na ƙasa, kowanne sigma uku daga tsakiya. Sigma ma'auni ne na yadda awo ke warwatsuwa. Inji na ƙalau ma yakan tsallake layin bisa tsautsayi, kamar sau ɗaya cikin 370. Sai dai wannan jadawali ya fi dacewa da kaya masu fitowa ta hanya ɗaya. In ka cakuɗa buhunan baki shida kafin ka auna, ka binne mai laifin da hannunka.

Wani zai ce, ai sai a yi wa kowane baki jadawalinsa. Haka ne, kuma in bakunan ba su da yawa yana aiki. Amma jadawali shida na nufin kururuwar banza kusan sau ɗaya cikin 62, kuma ma'aikacin da aka saba tayar wa hankali a banza, wata rana ba zai waiwaya ba. Balle a masaƙa irin ta Funtua, inda injin kaɗi guda ke ɗauke da ɗaruruwan mazarai. Wa zai zana wa kowane mazari jadawali?

Shi ya sa a 1950 wani masani, Boyd, ya kawo jadawalin rukuni. A kowane zagaye ana auna dukkan bakunan, amma biyu kawai ake ɗigawa: mafi nauyi da mafi sauƙi, tare da lambar bakin da ya ba da su. Sai a lura da abu biyu. Idan ɗigo ya fita layi, a tsaya a duba. Idan kuma baki ɗaya ne ke ta zuwa na ƙarshe a jere, ko bai fita layi ba, akwai magana. A inji mai baki shida da ke aiki daidai, kafin a ga baki guda ya zo ƙarshe sau huɗu a jere bisa sa'a kawai, a matsakaici sai an yi zagaye 259.

Jadawalin yana kuma nuna inda za a nemi matsala. In duk bakunan suka sauka tare, a duba abin da suka haɗa: danshin takin, wutar lantarki, ko babban mazubi. In ɗaya ne ya ware, shi kaɗai za a kwance.

Saboda haka, duk inda aka tura ka, gidan ruwan leda ne, injin casar shinkafa ko gidan gurzar auduga a Malumfashi, fara da tambaya ɗaya: ta hanya nawa kayan nan ke fitowa? Sannan ka rubuta lambar baki a jikin kowane samfur kafin ya shiga tsibi. Alli ko maka ta isa.